Jirgin Yaya Habu

Tun da aka fara yaƙin nan, duk ranar da rediyo ta ambaci Inugu ko Anacha ko Fatakwal, sai mazauna bencin ƙofar shagona su juyo su dube ni. "Idi, kai da ka taka ƙasar, yaya garin yake?" In na ɗauko labarin sai wani ya kawo ɗinki, ko a kira salla, zancen ya tsinke. Kwana biyu kuma in ji shi a bakin wani an ƙara masa gishiri, har an kai ga cewa wai na tuƙa jirgin sama a Kudu. Ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar a jingina mini ƙarya ina raye. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da idona ya gani, gwargwadon ɗan karatuna na firamare. Inda na manta zan ce na manta.

Damunar shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce. An riga an yi rikici a garuruwanmu na Arewa, an zubar da jinin mutanen Gabas, kuma kowa ya san in aka taɓa ɗan wani a gidanka, naka da ke gidansa ba shi da kwanciyar hankali. Yayana Habu kuwa yana Fatakwal yana gyaran rediyo, ya daɗe a can. 'Yan kasuwa na ta dawowa da iyalansu, shi shiru. Inna ta aika, ta sake aikawa, amsar dai ɗaya ce: yana nan tafe. Ranar nan ta kira ni ɗaki ta ce, "Auta, ka rufe keken nan ka je ka zo mini da ɗan'uwanka. Kada ka dawo mini da saƙo."

Ni ban taɓa wuce Zariya ba. Kuma ni mutum ne da in na kulle shago na yi nisa, sai na dawo na ja kwaɗon na tabbata. Amma maganar uwa ce. Na ɗaure 'yan kayana, na sa almakashi da allurai don ban iya rabuwa da su ba, Inna ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da dambun nama, na hau jirgin ƙasa.

Jirgin cike yake da mutanen Gabas masu komawa gida. Ban taɓa ganin kaya irin na ranar ba: katifu, kekunan ɗinki, tukwane, har wani ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya taho da shi. Na takure a gefe kamar wanda ya yi sata. Matar da ke fuskantata, da ɗa a cinya da wani a baya, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da Hausar da ta fi tawa gogewa, "Malam, kowa ya nufi gidan ubansa, kai ina za ka?" Na gaya mata. Ta girgiza kai ta ce, "Uwa dai uwa ce," ta miƙo mini lemo. Ni kuma na ba yaranta ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi damuna a hanyar nan salla ce, don da na daidaita gabas sai jirgin ya yi kwana, in rasa inda na dosa. Daga baya na rama su duka, har da waɗanda nake zaton sun yi.

Mun haye gadar Makurɗi, ruwan Binuwai shimfiɗe a ƙasa, na rufe ido har muka wuce. Can gaba, inda Jihar Arewa ta ƙare ta Gabas ta fara, aka tsayar da mu, 'yan sanda suka shigo bincike. Wanda ya zo kaina ya zunguri ƙunshina da sanda ya ce, "Aboki, wetin dey inside?" Ni kuwa don kada a ga wani abu daga baya a ce na ɓoye, sai na kwance na shiga nuna masa ɗaya bayan ɗaya: almakashi, farin zare, baƙin zare, alli, allurar hannu, da wata allura da ta karye ban yar ba. Ina cikin bayanin dalilin da ya sa ban yar da ita ba, ya daka mini tsawa, "E don do!" ya yi gaba. Matar nan ta yi dariya har da hawaye. Ita ce dariyar farko da na ji a taragon tun daga Kano.

Inugu gari ne a gindin tsaunuka, ƙasarsa ja, iskarsa da ɗan warin kwal. A nan na sauka in yada zango, don an kwatanta mini gidan Baba Tanko, dillalin shanu, a unguwar Hausawa kusa da kasuwar Atisan, wanda duk baƙon Arewa a wurinsa yake sauka. Ya karɓe ni da gaisuwa irin ta da, wadda ko a Kano an fara gajarta ta. Ya tambayi gida, da gajiya, da damuna, har da mai unguwarmu da bai taɓa gani ba. Amma da ya juya zai yi wa jikokinsa faɗa, sai na ji yaren Ibo yana zuba a bakinsa, su ma da shi suka amsa. Ɗakunan baƙi duk a buɗe, tabarmi a naɗe. Na ce, "Baba, ku ba za ku tafi ba?" Ya ce, "In tafi ina, ɗana? A goye aka kawo ni garin nan. In na je Kano, a ƙofar wa zan yi sallama?"

A gidansa na fara cin teba da miyar manja, ja wur. Ashe ba a tauna ta, haɗiya ake yi, ni kuwa na dage ina tauna yara na leƙe suna ƙyalƙyala. Kafin ma in sa hannu sai da na tambayi wanda ya yanka naman. Baba Tanko ya ce, "Ni na yanka, ni na yi bisimilla. Ko in kirawo maka shaidu?"

Da ya ji ni ƙanen Habu mai rediyo ne, sai ya tafa hannu. "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yayanka ya bar sallahu wurin direbobi, duk mai bi ta Anacha ya sayo masa farin siliki, mafi shara-shara da ke kasuwar. Ga ka kuma tela." Farin siliki shara-shara ai kayan mata ne. Na ce a raina, ashe abin da ya riƙe shi ke nan, aure zai yi bai gaya wa Inna ba. Jirgin ƙasa kai tsaye yake zarcewa Fatakwal, Anacha kuwa babban ratse ne. Amma sallahun yaya ba a tsallake shi.

Motar Anacha mai bodin katako ce, aka jera mu a benci kamar buhunan gyaɗa. Direban bai san birki ba sai oda, na yi kalmar shahada a kowace kwana. Garin kuwa duk inda ka juya ciniki ake yi. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne: su ne da manyan rumfuna, su ke tsawa, maza na ɗaukar musu kaya. Na sauka wurin Alhaji Ilu mai albasa a gefen kasuwar Ocanja, inda mutanenmu ke sayar da albasa da wake da busasshen kifi. Da la'asar ya kai ni na ga sabuwar gadar kogin Kwara, fentinta ma bai dushe ba, mutane na zuwa kallonta da iyalansu. Yanzu an ce an karya ta, an ce babbar kasuwar ma ta ƙone.

Washegari Alhaji ya raka ni shagon wani dattijon Ibo mai sayar da yadi, tsohon abokin cinikinsa. Muna zama dattijon ya fito da goro a ɗan faranti, irin nasu ƙanana masu ɓari da yawa, ya miƙo mini. Ni kuwa yadda aka saba a gida, na ɗauki ɗaya na ce na gode, na gatsa. Alhaji ya taka mini ƙafa. Ashe a wurinsu taɓa farantin kawai baƙo yake yi, ya zagaya kowa ya gani, ya koma hannun mai gida ya yi addu'a a kai, sannan a fasa a raba. Ga rabi a bakina, na rasa in haɗiye ko in tofar. Dattijon ya fashe da dariya, ya ce wa Alhaji ya gaya mini, su sai sun gaishe da goro suke ci, mu kuwa ko sallama ba ma yi masa. Ya kawo wani, aka yi yadda ake yi. Na raɗa wa Alhaji, "Addu'ar nan, ya halatta in ce amin?" Ya ce, "Tsawon rai ya roƙa maka, da komawa gida lafiya. In ba ka so kada ka ce." Na ce amin da ƙarfi.

Mai shagon ya sauko da siliki iri-iri, ina ɗagawa a rana ina hurawa, har na sami wanda numfashi ke ratsawa. Dattijon ya ƙifta ido ya ce amaryar da za ta sa wannan sai dai a rufe ƙofa. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Daga Anacha zuwa Fatakwal ba abin da na riƙe sai ruwa da itatuwan kwakwar manja da shingaye. Ruwansu ba irin namu ba ne mai haɗo hadari da iska ya yi gargaɗi, sai dai kawai ka ga yana zuba, ya wuni bai gaji ba. Shingayen kuwa ba duka ne na hukuma ba, wasu samari ne da durom da sanduna. A kowanne sai an dube ni an sake dubawa, don ni kaɗai ne mai riga da hula a motar.

Na sami shagon Yaya a unguwar Diyobu, a layin da mutanenmu suke, tsakanin mai tsire da mai wankin hula. Ya yi ƙiba, yana sanye da gajeren wando kamar ɗan makaranta, yana zuba Turancin buroka da wani mai rediyo. Da ya gan ni ya saki sukudireba. "Auta! Kai ne a Fatakwal? Ka tabbata ka kulle shago?" Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa silikin, na ce a hankali, "Yaya, 'yar wace ƙabila ce?" Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, sai ya kama ciki don dariya. Ya ja ni ɗakin baya ya ce, "Zo ka gaida amarya."

Wani ɗan jirgin sama ne rataye a rufi, faɗin fukafukansa ya kai in buɗe hannuwana biyu. Tsirara yake, haƙarƙari kawai, na wani katako marar nauyi kamar totuwar kara. Tun muna yara dama Yaya ne gwanin motar kara a unguwarmu. Wani Bature na kamfanin mai, wanda Yaya ke gyara wa rediyo, shi ke wasa da jirgin ran Lahadi, har ya koya wa Yaya riƙe shi a sama. Ranar nan jirgin ya faɗo ya ragargaje, Baturen kuma zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa tarkacen da akwatin da ake juya shi da shi. Akwatin ƙarfe ne mai doguwar eriya da maɓalli ɗaya tak. In ka danna sau ɗaya, wani ɗan marfi a wutsiyar jirgin ya karkata dama, in sau biyu ya karkata hagu. Ba waya, ba zare. Na ce a'uzubillahi. Yaya ya ce rediyo ce kawai, 'yar'uwar wadda nake jin labarai da ita.

Ba shi kaɗai yake aikin ba. Akwai amininsa Sande, makanikin injin kwale-kwale, Ibo ne amma haifaffen Sabon Garin Kano, kowa a layin Ɗanladi yake kiransa. Shi ne da inji, Yaya da rediyo da katako. Fatar jirgin ce ta gagare su, sun ɓata yadi har sun gaji.

Na isar da saƙon Inna kalma-kalma. Yaya ya shafa fiffiken ya ce, "Bari ya tashi tukuna." Na ce mutane fa na ta tafiya. Ya ce, "Auta, mutanen layin nan da na bayansa, ni nake gyara musu rediyo, na ci abincin sunan 'ya'yansu. In na naɗe tabarma da rana tsaka na gudu, me na ce musu ke nan? Na ce su macuta ne. Wa ya taɓa ni?" Na ga in na biye wa gardama za mu shekara. Hanya mafi kusa zuwa Kano ita ce jirgin nan ya tashi. Na zaro almakashi.

Aikin ya fi ɗinkin babbar riga wuya. Ana jiƙa silikin, a shimfiɗa kan haƙarƙarin, a ja shi ta ko'ina, sannan a shafa wani ruwa mai hawa kai kamar fenti. In ya bushe sai ya ɗaure tamau, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar kalangu. To amma a Fatakwal me ke bushewa? Wanki ma sai ya yi tsami a igiya. Muka riƙa fakon rana kamar masu shanyar kuɓewa. Fiffiken hagu ya ɗan tattare a gefe, Yaya ya ce ba komai, ni kuwa na kasa cin abinci sai da na ɓare na sake. Marfin wutsiya da zare da allura na ɗinke shi, sassauƙan ɗinki yadda zai juya bai cije ba. Sai awo: a ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, in wutsiya ta rinjaya a ƙara dalma a hanci, har ya tsaya da ɗan sunkuyo kamar mai jin kunya. Akwai kuma wata doguwar roba a cikinsa da ake murɗawa ta baya. Ita ke ba marfin ƙarfin juyawa, kowace dannawa tana cin murɗin kaɗan, in ya ƙare ko ka danna har gobe jirgin ba zai ji ba.

Ban san zan yi kewar kwanakin nan ba. Da yamma Ɗanladi kan zo da gasasshiyar agada da kifi mai yaji, ya zauna kan gwangwani yana wanke ɗan injin nan da bai fi ƙwan kaza ba, ɗakin duk warin man zurma. Ya taɓa kawo dodon koɗi a miya, na ce cikina ne ba daɗi. Ya ce, "Ƙarya kake, Bakano. Ku da kuke cin fara za ku yi mana yanga?" Shi kuma ba abin da yake tambayata sai Kano: ko mai furar nan ta bakin Fagge tana nan, ko har yanzu ana dambe bayan kaka. Tsohuwarsa na can Sabon Gari tana gasa burodi. Ya aika ta taho ta ƙi, wai duk matan Fagge 'ya'yanta ne. In zance ya kawo nan sai ya sunkuya kan injinsa.

A waje kuwa layin na ta zama kango. Mai tsire ya tafi, mai wankin hula ya tafi. Jiragen ƙasa na sauke mutane daga Arewa, kowanne da labarin da ya fi na jiya muni. Wasu da ke gaishe mu da safe suka fara kau da kai.

Ran wata Lahadi gari ya washe, muka ɗauki jirgin zuwa filin ƙwallon wata makaranta a bayan gari. Kafin a tashe shi akwai gwaji: mutum ɗaya ya ɗauki akwatin ya yi nisa yana dannawa, sauran su tsaya su ga ko marfin na amsawa. Yaya na ɗaure fiffike da robobi, Ɗanladi na ɗura mai, sai aka miƙo mini akwatin. "Ka yi ta tafiya har sai na ɗaga maka hannu."

Babu ɗayanmu da ya tsaya ya yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai wucewa: baƙon Bahaushe da riga da hula, shi kaɗai a bakin daji, da akwati mai eriya, yana dannawa yana waige. Ni da nake tunanin komai, wannan bai zo mini ba, hankalina na kan marfi. Ina ta dannawa don in tabbata, sai na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya. Mutane ne masu dawowa daga coci, da wasu samari masu sanduna. "Na wayales! E dey call soja!" Wai wayar iska ce nake kiran sojoji da ita. Wani ya fizge akwatin, wani ya kaɗe mini hula. 'Yar burokar da na tsinta duk ta gudu, sai "tela, tela" nake ta cewa.

Ɗanladi ya iso da gudu yana magana da yarensu, Yaya na biye da jirgin a hannu. Aka yi ta hayaniya. Wani ƙaton mutum mai baƙar kwat, wanda shi ke riƙe da wuyana, ya ɗaga ɗaya hannun aka yi shiru. Ya yi magana. Ɗanladi ya juyo ya ce, "Habu, ya ce in abin wasa ne a tashe shi yanzu su gani. In bai tashi ba..." Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya nemi ya ƙarasa.

Aka ba Yaya akwatin. Ɗanladi ya durƙusa ya maƙala wayar batir a kan injin, ya shiga kaɗa farfela da yatsa. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya mutu. Can farfelar ta dawo baya ta tsaga masa yatsa, jini na ɗiga kan silikina, bai ko duba ba. Sai injin ya kama da wani irin kuka kamar an tsokano gidan rina. Ɗanladi ya ɗaga jirgin sama da kansa zai ruga. A nan abin ya faɗo mini. Na ƙwalla ihu, "Yaya! Robar! Na cinye ta da dannawa, ba a sake murɗawa ba!"

Ƙaton ya girgiza ni yana tambayar wa nake kira. Ɗanladi ya fassara masa cikin ƙarar inji. Mutumin ya dube ni kamar ya ga mahaukaci, sannan ya tisa ni gaba har wurin jirgin, bai saki rigata ba. Haka na durƙusa na murɗa robar nan, mutum na riƙe da ni kamar akuyar da za a kai kasuwa. Da Yaya ya ce ya isa, sai da na ƙara kaɗan.

Ɗanladi ya ruga ya cilla shi. Jirgin ya yi ƙasa har cikinsa ya shafi ciyawa, na ce shi ke nan, Inna ta rasa biyu. Sai ya ɗaga hanci. Ya hau, ya hau, rana ta ratsa silikin har ana ganin haƙarƙarinsa, fari fat a saman itatuwa. Yaya ya danna, ya karkato ya zagayo ta kanmu. Wata tsohuwa ta saki littafin cocinta ta ɗora hannu a ka. Samarin nan suka zubar da sanduna suna bin sa a guje suna ihu, kowa na gaya wa Yaya inda zai juya. Ban san lokacin da aka sake ni ba, na dai ga hannun da ke wuyana yana nuna sama. Da mai ya ƙare injin ya yi shiru, jirgin ya sauko a hankali kamar shirwa, ya faɗa gonar rogo, ƙafa ɗaya ta karye. Ƙaton nan da kansa ya shiga ya ɗauko shi, kwat ɗinsa duk laka. Ya sa aka nemo hulata, ya kakkaɓe ta ya ɗora mini. Sannan ya ja Ɗanladi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa.

A hanyar komawa Yaya sai murna yake. "Ka gani, Auta? Ka ga mutanen da kake cewa in guda? Gyaran ƙafa ne kawai, Lahadi mai zuwa mu sake." Na ji kamar in zauna a titi in yi kuka.

Muna shiga shago Ɗanladi ya turo ƙofa, yana naɗe yatsansa da ƙyallen siliki. Ya ce, "Mutumin nan cewa ya yi yau kun dace da masu tsayawa kallo. Ƙanensa na cikin waɗanda ba su dawo daga Arewa ba. Ya ce ba kowa ne zai tambaya kafin ya buga ba."

Yaya ya ce, "Ni ba inda za ni. Ba na gudun maƙwabtana."

"Wa ya ce ka gudu? Aikenka zan yi."

"Aike?"

"Tsohuwata. Na aika ta ƙi, ni kuma in na kama hanya ba lalle in kai ba. Kai za ta ji maganarka. Ka je ka sako mini ita a jirgi da hannunka. Ko ban isa in aike ka ba?"

Yaya ya daɗe yana kallon jirgin a kan tebur. Ya san abin da Ɗanladi ya yi masa, ni ma na sani. Amma amana ce aka ɗora masa a gaban shaida. Can ya ce, "Shege, ɗan Sabon Gari."

Ɗanladi ya ce, "Na ji. Ka taho mini da kilishi."

Washegari bai bar gida ko ɗaya a layin da na bayansa ba, sai da ya shiga ya yi sallama, ni ina biye ina duban rana. Ko'ina abu ɗaya yake faɗa: aikensa aka yi, zai dawo. Ya mayar wa kowa rediyonsa, gyararre da wanda bai gyaru ba. Bai ɗauki ko sukudireba ba, don ɗan aike ba ya kwashe kaya. Makullin shago da jirgin da akwatin ya bar wa Ɗanladi, ya ce kada ya kuskura ya taɓa ƙafar nan, aikin katako ba nasa ba ne.

A kan tafiyar komowa ba ni da abin faɗa da yawa. Wannan karon mu ne cike da taragon, mutanenmu ne masu katifu da tukwane. A tashar Inugu na leƙa ko zan ga wani daga gidan Baba Tanko, ban gani ba.

Da muka sauka Kano da hantsi na nufi hanyar gida, Yaya ya riƙo hannuna. "Aike tukuna." Muka sami tsohuwar a bakin tanderunta. Ta ce ba inda za ta. Yaya ya cire hula ya durƙusa cikin toka ya ce, "Mama, ɗanki ya raba ni da shagona saboda ke. In kin ƙi, ni kuma yau zan juya in je in gaya masa." Na san zai iya, ita ma ta ga haka a fuskarsa. Ta zage shi da Hausa, ta zage shi da yarensu, sannan ta shiga ɗaure kaya. Kajinta ta raba wa maƙwabta. Muka kai ta tasha, Yaya ya yi kokawa har ya samar mata wuri, bai gusa ba sai da jirgin ya ɓace.

Gab da magariba muka yi sallama a gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Yaya ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice kamar jiya ya fita, ba ta ɗago ba, sai dai na ga rariyar ta tsaya. Ni ta juyo da faɗa, wai me ya tsayar da ni tun hantsi da aka ce jirgi ya shigo. Na gaya mata duka, har da tsohuwar.

Ta ce, "Auta, ta samu wurin zama?"

Yaya ya amsa kansa a ƙasa, "Ta samu, Inna. Kusa da taga."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Allah ya sada ta da nata, yadda ya sada ni da nawa." Tun da nake, ranar ce kaɗai na ji ta ce da shi nata.

Abin da na gani ke nan. Ba a jima ba abin da ya faru a Sabon Gari ya faru, aka sake zubar da jinin mutanen Gabas, a can ƙasarsu ma aka rama a kan namu, hanya ta rufe. Har yau ba mu ji ko tsohuwar ta isa ba, ba mu ji ko Ɗanladi na raye ba. Yaya ya kafa tebur a gefen shagona yana gyara da kayan aro. Na sha ce masa ya sayi nasa, sai ya ce yana da su, suna Fatakwal.